Shin barin agogon zamani a caji har gari ya waye yana kashe batirinsa?

A unguwanni da dama na Kano, Kaduna da Maiduguri, wutar lantarki ta fi zuwa da tsakar dare, lokacin da kowa ya yi barci. Wannan ya sa kafin a kwanta ake jona duk wani abu mai cin caji a soket: waya, fitila, fawabank, da kuma baƙon da ya shigo a 'yan shekarun nan, wato agogon zamani mai ƙirga taku da bugun zuciya. Ko babu wuta jona su ake yi, da fatan za a kawo kafin asuba. Tare da wannan al'ada akwai wata fargaba da ta daɗe a bakin masu sayar da waya da masu gyaranta, cewa na'urar da ta cika aka bar ta a jone za ta ci gaba da shan wuta har batirinta ya ƙone.

Agogon da aka ƙera bisa ƙa'ida ba ya shan caji fiye da kima, ko da ya kwana biyu a kan caja. Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. Kwana a caji yana iya rage wa batiri kwana ta wata hanya dabam da wadda ake zato, kuma hanyar ta fi shafar mazauna ƙasashe masu zafi fiye da mutanen da aka ƙera agogon dominsu.

Inda fargabar ta samo asali

Tsoron ba daga sama ya faɗo ba. Kafin batirin litiyam ya mamaye kasuwa, na'urorin hannu sun dogara ne da batiran nikel, waɗanda cajarsu kan ci gaba da ɗura musu 'yar wuta ko bayan sun cika, har su yi ɗumi su raunana. Daga wancan zamanin aka gaji shawarar nan ta cewa a bar sabuwar waya awa takwas a caji kafin a kunna ta, da kuma cewa sai batiri ya mutu gaba ɗaya sannan a jona shi. Duka shawarwarin biyu ba su da amfani ga batirin yau, ta biyun ma cutarwa take yi.

Akwai kuma wani malami da ya fi kusa da gida: fitilar caji mai araha. Da yawa daga cikin waɗannan fitilu suna ɗauke da ƙaramin batirin dalma, irin na mota, da wata hanyar caji ta jeka-na-yi-ka wadda ba ta san cika ba. Muddin suna jone, wuta na shiga. Duk gidan da ya binne fitilu uku ko huɗu a shekara ya koyi darasi na gaskiya, kuskuren kawai shi ne ɗora wannan darasi a kan kowace na'ura.

Abin da ke faruwa a cikin agogon

Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da batirin litiyam kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku da suka share masa hanya, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai. Tsarinsa mai sauƙin fahimta ne. Yana da ɓangarori biyu da wani siririn shamaki ya raba, da ruwan sinadari a tsakani. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyam kan ƙaura daga ɓangare ɗaya su maƙale a ɗayan, wanda aka yi da girafayit, sinadarin nan na bakin fensir. Idan ana amfani da agogon, sai su koma inda suka fito, kuma wannan komawar ce ke samar da wutar da ke kunna fuskar agogon.

Irin wannan batiri ba ya yafe ƙetare iyaka. Idan aka tura masa ƙarfin lantarki sama da abin da aka tsara, wanda galibi ke tsakanin bolt 4.2 da 4.4, yana iya kumbura ko ya kama da wuta. Saboda haka tun asali ba a barin sa shi kaɗai da caja. A cikin agogon akwai wani ƙanƙanin guntu mai kula da caji, kuma shi ne ke da ta cewa, ba cajar da ke bango ba. Da farko yakan bar wuta ta shiga da ƙarfi, har batirin ya kai kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Daga nan sai ya tsayar da ƙarfin a wuri ɗaya, yana rage yawan wutar da ke shiga sannu a hankali, kamar mai cika tulu da ya kusa baki. Wannan ne dalilin da ya sa kashi 20 na ƙarshe ke cin lokaci. Idan ta ragu zuwa wani ƙaramin mataki, sai ya yanke ta. A bayan wannan guntu kuma akwai wani mai gadi na biyu a jikin batirin kansa, wanda aikinsa shi ne katse hanya idan na farkon ya gaza.

Ke nan agogon da aka jona ƙarfe goma sha ɗaya na dare, in akwai wuta, ya gama cika kafin ƙarfe ɗaya. Sauran sa'o'in zama kawai yake yi, sai ɗan ƙari da ake yi masa idan cajin ya sauka kaɗan.

Zama a cike da zafi

A wannan zaman ne matsalar take. Batirin litiyam yana tsufa ta hanya biyu. Ta farko ita ce yawan amfani, wato cikawa da saukewa. Ta biyu kuwa tsufan lokaci ne, wanda ke tafiya ko an ajiye agogon a akwati ba a taɓa shi ba. Wani siririn ɓawo ne ke tsirowa a kan girafayit ɗin yana ƙara kauri, yana kulle wani kaso na litiyam ɗin da ba zai sake komawa bakin aiki ba. Abubuwa biyu ne ke hanzarta wannan: kasancewar batiri a cike maƙil, da zafi. Idan suka haɗu, ɓarnar ta fi ta kowanne shi kaɗai.

Batirin da ke kashi 100 kamar igiyar da aka ɗaure ta miƙe tsam yake. Ba za ta tsinke a daren ba, amma wadda ake bari haka kowane dare tsawon shekara biyu za ta riga 'yar'uwarta saki. Agogon da ke kwana a caji yakan shafe awa biyar zuwa shida a wannan hali kullum, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na rayuwarsa.

Zafin kuma ta fuska biyu yake zuwa. Yawancin manyan agoguna ba su da ramin caja, saboda kada ruwa ya shiga. Ana ɗora su ne a kan wani faifai mai maganaɗisu da ke tura wuta ba tare da haɗuwar ƙarfe da ƙarfe ba, kuma wani kaso na wutar yana salwanta a hanya ya zama ɗumi. Ga kuma zafin gari. Kamfanin Apple ya ce agogunansa na yau da kullum sun fi aiki daidai tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyas. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, watannin Maris zuwa Mayu kan haura digiri 40 da rana, kuma ɗakin da aka rufa da kwano ba ya hucewa sai dare ya raba. Agogon da ya kwana a kan caja a irin wannan ɗaki, balle a ce a kan katifa yake ko ƙarƙashin matashi, yana tsufa da saurin da takardar kamfani ba ta lissafa ba. Wanda ke Landan da wanda ke Gusau za su iya sayen agogo iri ɗaya a rana ɗaya, su riƙa cajinsa iri ɗaya, amma na Gusau ne zai fara neman caja kafin magariba.

Kamfanonin sun san da haka. A 2020 Apple ya saka wani tsari a manhajar agogonsa, watchOS 7, wanda ke nazarin lokacin da mai agogo ya saba cire shi daga caji. Sai ya tsayar da cajin a kashi 80 tsawon dare, ya ƙarasa sauran gab da lokacin tashi. Dabara ce mai kyau, amma an gina ta ne a kan zaton cewa wutar da aka kwanta da ita tana nan har safe. A inda ake kawo wuta ƙarfe ɗaya a ɗauke ƙarfe uku, mai agogo na iya wayar gari da kashi 80 kacal, ko kuma tsarin ya kasa gane wata al'ada da zai bi. Ba laifin batiri ba ne, injiniyoyin ne ba su taɓa kwana a layin da ke jiran wuta ba.

Lissafin shekaru

Apple ya ce an tsara batirin agogonsa ya riƙe har kashi 80 na ƙarfinsa na asali bayan zagaye 1,000 na caji. Zagaye ɗaya ba ya nufin jonawa sau ɗaya. Ana ƙirga shi ne idan jimillar abin da aka sha ta kai kashi 100: wanda ya sha rabi yau ya cika, ya sha rabi gobe ya cika, zagaye ɗaya ya yi. Mai shanye batirinsa ƙurmus kullum zai kai 1,000 cikin kimanin shekara biyu da wata tara. Mai shan kashi 70 a rana zai kusa shekara huɗu.

Bambancin agoguna yana da girma a nan. Na Apple da Samsung da Google suna cin wuta sosai, kwana ɗaya zuwa biyu suke yi. Da yawa daga na Garmin, Huawei da Amazfit kan yi mako guda ko biyu. Agogon da ke kai kwana goma ba shi da dalilin hawa caja kowane dare, kuma mai yi masa haka yana tsare shi ne a kashi 100 babu gaira babu dalili.

Batun kuɗin wuta kuwa bai kai a tsaya a kansa ba. Batirin agogo mai mAh 300 bai kai kashi ɗaya cikin goma na batirin waya mai mAh 5,000 ba. Ko an haɗa da asarar da faifan caji ke yi, cajinsa na shekara guda bai wuce yunit ɗaya ba, wato kimanin naira 225 a farashin da hukumar NERC ta sanya wa rukunin A a Afrilun 2024.

Abin da ya kamata a ji tsoro

Duk bayanin da ya gabata ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya, cewa an ƙera agogon da cajarsa bisa ƙa'ida. A kasuwannin waya irin su Farm Centre a Kano da Computer Village a Legas, agogunan manyan kamfanoni na zaune kafaɗa da kafaɗa da kwaikwayonsu marasa suna, masu kama da su a fuska, a farashin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Mai saye ba shi da hanyar leƙa ciki ya ga ko an saka guntun kariya mai inganci, ko kuma a nan aka rage kuɗin. Ga irin waɗannan, tsohuwar fargabar tana da gurbi, kuma hikima ita ce a yi musu caji ido na ganin su.

Kan cajar da ke shiga bango shi ne ya fi zama abin damuwa. Aikinsa shi ne sauke wutar gida, bolt 230, zuwa bolt 5. Na kirki yana jure hawa da saukar wuta tsakanin bolt 100 da 240. Na jabu ba shi da isasshen shamaki tsakanin babbar wutar da ƙaramar, kuma lokacin da ya fi fuskantar jarrabawa shi ne daƙiƙar da aka dawo da wuta da ƙarfi, ko janareto ya yi tangal-tangal, alhali mutanen gida na barci. Wanda ke da fawabank mai kyau ya fi dacewa ya caja fawabank ɗin, sannan ya caja agogon daga gare shi. Wasu fawabank kan kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, amma da yawansu na da wani yanayi na ƙananan na'urori da ake kunnawa da maɓallin gefe.

Ƙananan agoguna masu cajar fil biyu da maganaɗisu suna da tasu matsalar. Zufa da ƙurar hunturu kan taru a kan fil ɗin su hana shi haɗuwa da kyau, kuma idan aka bar igiyar a jone ba agogo, maganaɗisun na iya janyo allura ko maƙulli ya haɗa fil biyun. Goge bayan agogon ya bushe kafin a ɗora shi yana magance ta farko, cire igiyar daga soket yana magance ta biyu.

Alamar haɗari ta gaske ita ce kumburi. Idan gilashin agogo ya fara ɗagowa daga jikinsa, ko bayansa ya tasa, ko ya yi zafin da ba a iya riƙe shi, iskar gas ce ta taru a cikin batirin. Ba a danna shi, ba a huda shi, ba a sake jona shi, ba a kuma mayar da shi hannu.

Ga wanda ke son agogonsa ya daɗe, abin yi bai da yawa. Sababbin agoguna suna caji da sauri: Apple ya ce Series 7 na 2021 yana kai kashi 80 cikin kimanin minti 45. Lokacin wanka da karin kumallo ya isa, in akwai wuta ko fawabank, kuma hakan na ba agogon damar yin aikin da aka saye shi dominsa da dare, wato auna barci. A ɗora shi a kan tebur ko dandamali, a nesa da rana da gilashin mota. Kada a riƙa bari ya mutu ɗungurungum. Idan za a ajiye shi na watanni, a bar shi da rabin caji. Wanda kuma wutar unguwarsu ba ta ba shi zaɓi ba face ya kwana a jone, asararsa ita ce batirin ya riga lokacinsa rauni, ba gobara ba, matuƙar kayan na gaske ne.

Laifin mai agogo ko na kamfani?

Akwai wani abin lura a yadda ake wannan muhawara: kullum mai saye ake tuhuma. Shi ne ya bar shi a caji, shi ne bai karanta takarda ba. Amma manyan matsalolin batirin agogo da aka sani a tarihi daga masana'anta suka fito. A Maris na 2022, kamfanin Fitbit, mallakar Google, ya janye agogonsa samfurin Ionic, kusan miliyan ɗaya a Amurka da kimanin 693,000 a sauran ƙasashe, bayan rahotanni 78 na ƙuna a Amurka kaɗai sakamakon zafin batiri. A Janairun 2025 kamfanin ya amince ya biya tarar dala miliyan 12.25 saboda jinkirin sanar da hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar. Shi ma Apple ya amince da biyan dala miliyan 20 don sasanta ƙarar da masu tsofaffin agogunansa suka shigar kan kumburin batiri, ko da yake bai amsa laifi ba.

Babbar tambayar ita ce abin da ke biyo bayan tsufan batirin, domin kowane batiri zai tsufa komai lallaɓa shi. Galibin agoguna manne suke da gam, kuma buɗe su kan lalata kariyarsu daga ruwa. Google ya shafe shekaru yana sayar da Pixel Watch ba tare da hanyar gyara ba, sai dai musanya, har zuwa samfuri na huɗu a 2025 da aka ƙera yadda za a iya sauya batirinsa. Na'ura mai lafiyayyen gilashi da lafiyayyar ƙwaƙwalwa takan zama shara saboda wani yanki da bai fi girman ƙwandala ba.

Tarayyar Turai ta taɓo wannan da doka. Dokarta ta batura ta 2023 ta tanadi cewa daga 18 ga Fabrairun 2027 dole batirin na'urorin hannu ya zama wanda mai shi zai iya cirewa ya sauya, tare da sassauci ga kayan da aka ƙera don shiga ruwa, waɗanda ya wadatar a ce mai gyara mai zaman kansa zai iya sauya musu. Dokarta ta caja ɗaya, wadda ta tilasta USB-C daga ƙarshen Disamban 2024, ba ta haɗa da agoguna ba, shi ya sa har yanzu kowane kamfani ke da nasa faifan, kuma wanda ya ɓatar da nasa yakan faɗa hannun na jabu.

Afirka tana cikin wannan labari a farkonsa da ƙarshensa. Batiran ƙananan na'urori sun dogara da kobalt, wanda kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke haƙa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, inda ƙungiyar Amnesty International ta bankaɗo aikin yara a ramukan haƙarsa a 2016. Litiyam kuwa ya iso gida. A Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa, kuma a Disamban shekarar kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa binciken da ya nuna yara na aiki a haramtattun wuraren haƙarsa a Pasali da ke jihar. A ɗaya ƙarshen, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar lantarki ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 a 2022, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

A Najeriya, dokar gasa da kare masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin mayar da kayan da ke da lahani ko haɗari, kuma tantance ingancin kayan lantarkin da ke shigowa ƙasa yana wuyan hukumar SON. Sai dai haƙƙin da ke takarda yana buƙatar takarda. Yawancin agogunan da ke hannun matasa an saye su ne a shago ko ta Instagram, ko kuma sun zo a matsayin na hannu daga Turai da Amurka, da batirin da wani ya riga ya ci rabin zagayensa. A agogon Apple ana iya duba wannan kafin a biya kuɗi, a sashen lafiyar batiri da ke cikin saiti, kuma adadin da ya yi ƙasa da kashi 80 yana nufin kamfanin kansa na ɗaukar batirin a matsayin wanda ya isa sauyi. Ga sauran kuwa, abin da mai saye zai iya riƙewa shi ne rasiɗi mai ɗauke da sunan shago, kwanan wata da tsawon garanti, wanda sau da yawa sai an nace ake rubuta shi.